Busa Kafin Wuta

A wani gari akwai wani mai walda, sunansa Obadiya. Gwani ne a aikinsa. Ƙofar da ya haɗa ba ta karkacewa, in kuwa ya ce ka dawo ran Talata, ran Talata za ka sami kayanka. Amma yana da hali guda. Tun da wani abokin aikinsa ya ci amanarsa, ya kwashe masa kayan aiki ya gudu, Obadiya bai ƙara sakin jiki da kowa ba. In ka gaishe shi da fara'a, sai ya tambayi kansa me kake nema. In ka wuce ba ka gaishe shi ba, sai ya tambayi kansa me kake ɓoyewa.

Abu ɗaya ne yake sa shi dariya har haƙoransa su fito, wato wani wasa da ake bugawa a waya. Ran Asabar da yamma, in ya kashe inji ya wanke hannu, sai ya zauna a kan benci a gaban shagonsa tare da ƙanwarsa Damaris da maƙwabcinsa Zakka, kowa da wayarsa. A cikin wasan, mafarauta huɗu ne suke shiga daji tare su yaƙi dodo. Kowa yana zaɓar makaminsa, kowa kuma yana da wani koren layi a saman allo mai nuna sauran ransa. In layin ya ƙare, mutum ya faɗi. In duka suka faɗi, dodo ya ci. Obadiya babban takobi yake ɗauka, ya shiga har ƙarƙashin cikin dodo yana sara. Damaris baka da kibiya take riƙewa, Zakka kuwa mashi. Na huɗunsu ya sami aiki a wani gari ya tafi, sai suka rage su uku.

Ana nan sai wani baƙo ya zo garin, mai aski ne, sunansa Akila. Ya kama shago a bakin titi, ya kafa kujera da madubi, ya kuma fara zuwa sujada a ikilisiyarsu da matarsa da yaransa. Damaris ta ji labari yana buga wasan nan, sai ta gayyato shi benci.

Da aka zo zaɓar makami, Akila bai ɗauki takobi ba, bai ɗauki gatari ba. Wani ƙaton ƙaho ya ɗauka.

Obadiya ya leƙa wayarsa ya ce, "Farauta za mu je ko biki?"

Akila ya yi murmushi ya ce, "Oga Obadiya, ku dai ku sara. Ni ku bar ni a bayanku."

Ƙahon nan makami ne, ana iya maka wa dodo shi a ka, amma ba nan amfaninsa yake ba. Busa ake yi da shi, kowace busa da aikinta, kuma ba mai busawa kaɗai take taimaka wa ba, duk wanda yake kusa yana samu. Akwai wata mai zaƙi, in an yi ta sai koren layin kowa ya ƙaru. Akwai wata mai sauri, tana ƙara wa hannu ƙarfi. Da taimakon waɗannan suka riƙa kā da dodanni ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka daɗe suna ba su wahala. Damaris da Zakka suka yi ta murna. Obadiya ma ya ji daɗi, amma a ransa yana cewa, wane irin mutum ne wannan, yana wahala wasu suna shan yabo, bai kuwa damu ba?

Daga nan suka kai ga babban dodo, wani mai dogon wuya, mai fesa wuta. Ba wanda ya taɓa kā da shi a garin. Akwai wata ƙungiya a unguwar tasha, su ma a kansa suka tsaya. Ba wani abu za a ba wanda ya riga ba, amma kowa ya sani duk waɗanda suka fara kā da shi za su yi shekara suna yi wa sauran tsiya.

A kan wannan dodo ne Akila ya fara wata busa da ba su saba ji ba, mai kauri, kamar kukan bijimi. Da ya yi ta, sai wani haske ya lulluɓe mafarautan. Ba a jima ba dodon ya miƙe tsaye, ya buɗe baki, ya cika filin da wuta. Layin kowa ya ragu sosai, amma ba wanda ya faɗi. Suka ci gaba da fama, a ƙarshe dodon ya fi ƙarfinsu. Suka sāke shiga. Akila ya sāke yin busar nan mai kauri, wuta ta sāke zuwa. Haka aka yi ran nan, haka aka yi Asabar ta gaba.

Obadiya mutum ne mai lura. Ya ga duk lokacin da aka yi busar, wuta tana biye da ita. Bai taɓa jin busar ba tare da wuta ba, bai kuma taɓa ganin wuta ba sai an yi busar. Ya ajiye abin a ransa, yana juya shi yana walda.

Wata Asabar, bayan sun sāke faɗuwa, ya ajiye waya a cinyarsa ya ce, "Akila, busar nan taka mai kauri, mene ne aikinta?"

Akila ya ce, "Kāriya ce, Oga. Tana rage zafin wutar."

"In kāriya ce, me ya sa raina yake raguwa?"

"Ba ta hana wutar zuwa, rage ta take yi. Ni ina ɗan nesa, ina ganin wuyansa. In ya fara kumbura ya yi ja, na san wuta ta kusa, sai in busa. Kai kana ƙarƙashinsa, ba ka ganin wuyan."

Damaris ta ce, "Yaya, ai an rubuta aikin busar a cikin wasan, kāriya ce."

Obadiya ya ce, "An rubuta abin da take yi mana. An rubuta abin da take yi wa dodon? Ke da kike nesa, wanne kika fara gani, kumburin ko busar?"

Damaris ta yi tunani. Ita mace ce da ba ta faɗin abin da ba ta tabbatar ba. Ta ce, "Gaskiya kusan tare suke zuwa. Idona yana kan saitin kibiya, ba zan iya rantsewa ba."

Obadiya ya gyaɗa kai.

A cikin makon nan yana wucewa ta bakin titi a kan babur, sai ya hangi shugaban 'yan tasha zaune a kujerar Akila, an ɗaura masa ƙyalle a wuya, su biyu suna dariya. Mai aski kowa yake yi wa aski, wannan ko yaro ya sani. Amma Obadiya ya rage gudu, ya dube su, ya ji kamar an kunna masa fitila. Ya ce a ransa, ashe haka ne. Baƙo ya zo daga inda ba a sani ba, ya shiga cikinmu da sauƙi, ya zaɓi makamin da ba wanda ya gane kansa, ga shi kuma yana dariya da abokan hamayyarmu. Me suke yi wa dariya in ba mu ba?

Ya ƙudura zai kama shi da idonsa. Da Asabar ta zo, ya matsa kusa da Akila a kan benci. Aka shiga daji, amma Obadiya ba allonsa yake kallo ba, yatsun Akila yake kallo ta gefen ido. Can sai ya ga babban yatsan Akila ya danna wuri, busa mai kauri ta tashi, wuta ta biyo. Saboda hankalinsa ba ya kan wasan, dodon ya take mafaraucinsa da ƙafa, ya zama shi ne na farkon faɗuwa. Wannan ma ya ɗora wa Akila.

Ya miƙe tsaye ya ce, "Na gani da idona. Kai kake kiran wutar nan. Kana harzuƙa shi don kada mu riga abokanka na tasha."

Akila ya dube shi, ya dubi Damaris, ya dubi Zakka. Zakka mutum ne mai bin wanda ya fi ɗaga murya, sai ya sunkuyar da kai. Damaris ta ce, "Yaya, ka bari mu bincika mana." Obadiya ya ce ya gama bincike.

Akila ya ce, "Oga, na faɗa maka abin da nake gani. Ba ni da wata magana bayan wannan." Ya sa wayarsa a aljihu, ya yi musu sai an jima, ya tafi.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma kashegari bayan sujada, mutane suna tsaitsaye a ƙofar majami'a, wani ya tambayi Obadiya ina sabon abokin wasansu. Obadiya ya ba da labari, ya rufe da cewa, "Ni dai mutumin da zai ci amanar abokansa a kan wasa, ba zan miƙa masa wuyana yana riƙe da reza ba." Mutane suka yi dariya. Amma da yake an san Obadiya ba ya ƙarya, maganar ta zauna. Ta je teburin mai shayi, ta je wurin masu gyaran babur, ta shiga gidaje. Iyaye mata suka daina aika yaransu shagon. Maza suka riƙa wucewa ta ɗaya gefen titin, suna ɗaga masa hannu daga nesa.

A benci kuwa, Obadiya ya samo wani mai ɗaukar guduma ya cike gurbin. Ya ce, "Yau za ku ga bambanci. Hannu huɗu, duka masu duka." Suka shiga daji. Ba busa mai zaƙi, ba mai sauri, sai ƙarar ƙarfe. Obadiya yana ƙarƙashin dodo yana sara, zuciyarsa fari. Ba zato dodon ya miƙe tsaye, ya buɗe baki. Wuta ta share filin, layukan nan huɗu suka ƙare a lokaci guda. Abin da bai taɓa faruwa da su ba ke nan.

Damaris ta ce a hankali, "Yaya, ba wanda ya busa komai."

Obadiya ya ce, "Tsautsayi ne. Mu koma."

Suka koma. Wannan karon bai shiga ƙarƙashin dodon ba. Ya ja mafaraucinsa baya, ya tsaya inda Akila ya saba tsayawa, ya ɗaga ido. Ya ga Zakka yana suka, ya ga mai guduma yana duka. Sai ya ga wuyan dodon ya fara kumbura a hankali, yana yin ja kamar ƙarfen da aka sa a wuta. Obadiya ya san wannan jan, kullum yana ganinsa a shagonsa. Ya buɗe baki zai yi musu ihu, amma ihu ba ya lulluɓe kowa. Wuta ta zo ta cinye su duka.

Ya daɗe yana kallon allon. Sa'an nan ya tashi ya shiga shago, ya bar su a zaune.

Da safe ya tafi teburin mai shayi, inda maganar ta fi yawo. Ya tsaya a gaban mutane ya ce, "Jama'a, abin da na faɗa a kan Akila mai aski, ba haka ba ne. Ni na yi kuskure. Mutumin kāre mu yake yi."

Wani direba ya kurɓi shayi ya ce, "Oga Obadiya, kai mutumin kirki ne, shi ya sa kake rufa masa asiri. Ai ba kai kaɗai ka faɗa ba, kowa ya sani. An ce a garin da ya baro ma, ya yanki wani a kunne da gangan, shi ya sa ya gudo."

Obadiya ya ce, "Wa ya ce?"

Direban ya ce, "An dai ce."

Obadiya bai taɓa faɗin haka ba. Ya bi wurare yana janye maganarsa, amma duk inda ya je sai ya tarar ta riga shi, ta yi ƙiba, ta haifi 'ya'ya. Waɗansu suka yarda da shi. Da yawa suka ce to, sun ji, amma ba su koma kujerar ba.

Kunya ta sa ya yi ta ɗaga ranar zuwa wurin Akila kansa. Ran da ya yi ƙarfin hali ya je, ya tarar da a-kori-kura a ƙofar shagon, an riga an ɗora kujerar aski. Akila yana kwance ƙusoshin madubi daga bango.

Obadiya ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ɗan'uwa, na ga wuyan."

Akila ya juyo, Obadiya ya ci gaba da magana.

"Na yi maka zalunci. Ka gafarta mini. Kada ka tafi, zan bi gida gida in gyara."

Akila ya ce, "Na gafarta maka tun kafin ka zo, Oga, Allah ya sani. Amma ina da mata da yara, kujerar nan kuwa ta daɗe ba mai zama a kanta. Surukina ya samo mini wuri a garinsu."

"Me ya sa ba ka yi gardama da ni ba? Me ya sa ba ka matsa ba?"

"Na faɗa maka. Ka riga ka gama ji kafin in buɗe baki." Akila ya zare ƙusa ta ƙarshe, ya ce, "Kama mini nan, yana da nauyi."

Obadiya ya karɓi madubin shi kaɗai, ya rungume shi, gilashin yana fuskantarsa. Daga ƙofar shago har bakin mota, ba fuskar da yake gani sai tasa. Ya ɗora shi, ya ɗaure da kyau yadda ba zai fashe ba. Suka yi musafaha. Motar ta tashi.

Daga baya aka ji 'yan tasha sun kā da dodon. Obadiya bai ko tambayi yadda suka yi ba.

To, 'yan'uwa, yara da manya, ga abin da misalin nan yake nufi.

Dodon shi ne masifar da take tunkarar mutum, ko jaraba ce, ko ciwo, ko mugun aboki, ko wata hanya da ya ɗauka wadda ƙarshenta ba kyau. Obadiya shi ne ni da kai sa'ad da muke tsakiyar fama. Wanda yake ƙarƙashin dodo ƙafafu kawai yake gani. Saboda haka Allah cikin jinƙansa yakan sa wani a bayanmu, inda ake hangen wuya, ya ba shi ƙaho. Wani lokaci uwa ce, wani lokaci mata ko miji, ko malamin makarantar Lahadi, ko abokin da ba ya tsoron ɓacin ranka. Busarsu ita ce gargaɗi da addu'a.

Amma da yake gargaɗi da masifa kusan tare suke isowa, sai mu gauraya su. Uwa ta ce, ɗana, rabu da yaron nan. Ba ka rabu ba, aka kama ku tare, sai ka ce bakinta ne ya kama ka. Aboki ya ce, tarin nan naka ya yi yawa, je asibiti. Ka je aka sami ciwo, sai ka ce shi ya yi maka mugun fata. Ba bakin uwarka ba ne, ba fatan abokinka ba ne. Wuyan ya riga ya kumbura, su dai sun gani ne kafin kai. Haka aka yi wa bayin Allah da yawa tun zamanin dā. Sun ga abin da yake zuwa, sun faɗa, aka ƙi su kamar su suka kawo shi.

Kada kuma ka ce, in addu'arsu tana aiki, me ya sa na sha wahala? Obadiya ma haka ya tambaya. Ya ƙidaya abin da wuta ta ci, bai ƙidaya abin da ta bari ba. Ubangiji bai yi mana alkawari wuta ba za ta zo ba. Sau da yawa ka ƙone amma kana tsaye, ba ka kuwa san wanda ya durƙusa dominka ba sai ran da ya daina.

Ban ce ku amince da kowa ido rufe ba. Akwai macuta a duniya, Obadiya kansa ya gamu da ɗaya. Laifinsa shi ne ya ɗauki cutar da wani ya yi masa ya ɗora wa wanda bai yi masa komai ba. Da ya tashi bincike kuma, yatsun ɗan'uwansa ya zuba wa ido, bai ɗaga kai ya dubi dodon ba. Mai zargi ba gaskiya yake nema ba, shaida yake nema a kan hukuncin da ya riga ya yanke, irin wannan shaida kuwa ba ta wuyar samu. Da tun farko ya ja baya sau ɗaya tak ya tsaya inda Akila yake tsayawa, da Akila yana garin har yau.

Ku lura da wannan kuma. A wasa in an faɗi, ana danna wuri a sāke shiga. Maganar da ka saki a ƙofar majami'a ba ta da wurin dannawa. Akila ya gafarta, Allah ma yana gafarta wa mai tuba, amma motar ta tashi.

Saboda haka kowa ya tambayi zuciyarsa yau, wane ne yake busa mini, ina jin haushin muryarsa? Wa na daina gaisarwa domin ya faɗa mini abin da ba na so in ji? In akwai shi, kada ka jira sai ka tara ƙarfin hali. Je ka same shi tun kujerarsa tana cikin shago.